Ranar da Na Karya Burodin Kamfani a Kan Ɗan Mutane

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na daki ɗan mutane da burodi a gaban jama'a, ni da furfurata. Har yau in na tuna, kunya da haushi tare suke taso mini. Ni ke faɗa, 'yata Hawa ke rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta rage komai, har da wurin da laifin nata ne.

Marigayi Alhaji, mijina, Allah ya ji ƙansa, yana da shagon burodi a Nima, bakin titi, daidai inda trotro, motar haya, ke sauke mutane. Shagon namu ne, amma sunan da ke kan allon ƙofa na wani babban kamfani ne. Su ke kawo fulawar da suka riga suka haɗa, su suka ba da injin gashi, su suka zaɓi fentin bango, har rigar da za ka sa da yadda za ka gaida mai saye. Suna da wani dogon suna na Turanci da suke kiran wannan tsari, ni dai hayar suna nake ce masa. Alhaji ya so allon nan fiye da kima. Kullum da safe da kansa yake hawa benci ya goge shi, ina riƙe da bencin ina yi masa faɗa. Yau da zai dawo ya hau, wallahi da bakina a rufe zan riƙe masa.

Ina fita takaba sai ga ƙaninsa Isaka. Da yake Allah bai ba mu ɗa namiji ba, Isaka yana da rabo a gado, kuma bai taɓa bari na manta ba.

"Hajiya," ya ce, "wannan harka ta 'yan boko ce. Ki bar wa ɗana, ki zauna ki ja carbi."

Na ce, "Isaka, shekarun da nake tashi kafin kiran salla ina kunna injin nan, ɗanka yana ina? Carbi kuwa ina ja, har kai ina sakawa a ciki."

Kamfani suka aiko cewa in ina son sunan ya zauna a hannuna, sai na je taron horar da masu shaguna, su ga ko zan iya. In ban iya ba, su ba wani cikin dangi ko su cire allonsu. Wato allon Alhaji ko dai ya koma hannun ɗan Isaka, ko a kwance shi a jefa bayan mota.

Aka yi taron a wani otal kusa da shataletalen Circle, ɗaki mai sanyi kamar firij. Da Turanci ake komai, Hawa na gefena tana raɗa mini. Wata Madam mai dogon takalmi ta yi ta bayanin irin zuciyar da mai shago zai yi in yana son ci gaba. Ka yi murmushi ko an ɓata maka rai. Kada ka canza komai daga yadda kamfani ya tsara. Kada ka ji kai kaɗai ne, domin mu duka dangi ɗaya ne. (Dangi! Ranar sadakar ukun Alhaji motar fulawarsu ta zo har ƙofa tana hon, direba yana tambayar wa zai karɓi kaya. Gaisuwar mutuwa kuwa ko ta waya ban ji ba. Rubuta haka, Hawa, kada ki tausasa.)

Ana cikin haka wayar Hawa ta yi ƙara. Ita nas ce a asibiti, daga wurin aiki ake nemanta. Ta ce, "Mma, yanzu zan dawo," ta fice. A daidai lokacin ne Madam ta yi bayanin cewa za a yi wasan gwaji: wani ma'aikacinsu zai yi kamar mai saye da ya zo da fushi, a ga yadda mai shago zai lallashe shi. Kowa ya ji, ban da ni.

Abin da na gani kawai, an jera burodin kamfani a tebur, an nuna ni da hannu, ana tafi. Aka ɗaura mini rigar aiki, aka ɗora mini hularsu a kan mayafi, aka maƙala mini wani ɗan abin magana a wuya. Ni kuwa, sakarya, na ɗauka sai yanzu suka tuna da Alhaji, za su yi mini ta'aziyya a gaban jama'a. Har na fito da bakin mayafi na shirya share hawaye.

Sai ga wani saurayi, Razak, ma'aikacinsu, tashin unguwar Madina ta nan garin. Ya ga ba na jin Turanci, ya ce bari ya taimake ni ya yi da Hausa. Ya zo ya buga burodi a tebur.

"Mma, wannan burodi ne ko bulo? Jiya na saya, haƙorina ya kusa fita."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, "Ɗana, ba a shagona ka saya ba."

Ɗaki ya fashe da dariya. Dariyar nan ce ta zuga shi.

"Ni ba da ke zan yi magana ba. Ina mai shagon? Kira shi. Yana ciki yana barci ne, ya turo tsohuwa? Ki ce masa in namiji ne ya fito ya dube ni."

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan dogon burodin nan ba. Na dai ji shi ya sauka a kan yaron, ya sake sauka, ya karye gida biyu. Na jefar da guntun na sunkuya neman silifas. Bakina kuma yana aikinsa, abin maganar nan na wuyana yana kai shi kowace kusurwa ta ɗakin.

"Ya fito? Je ka maƙabarta ka fito da shi, mara kunya. Mutumin da ya ƙare ƙarfinsa yana goge muku allo, shi ne mai barci? Fulawarku ma da ba ta da ɗanɗano, ba don gyaɗar ƙamshin da nake zubawa a ɓoye ba, wa zai saya a Nima?"

To, kun ji. Asirin da ko Alhaji sai da ya yi shekaru bai gano ba, na tona shi da bakina ta lasifika, a gaban Madam ɗin da ta gama cewa kada a canza komai.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Hawa ce, idonta kamar zai faɗo.

"Mma, wasa ne. Gwaji ne ake yi miki."

Na juya. Wasu sun toshe baki, wasu sun ɗaga waya. Razak na tsaye, ɓurɓushin burodi a gashinsa har kan gira, yana cewa, "Mma, ki yafe ni, wallahi ba wanda ya gaya mini." Ni kuma ga ni da hular kamfani a karkace, silifas ɗaya a hannu, ƙafa ɗaya a ƙasa. Da ƙasa ta buɗe a lokacin, da na yi mata godiya.

Kafin trotro ya sauke mu, bidiyon ya riga mu isa Nima. Isaka na zaune a ƙofar gida da waya a hannu. Ya ce, "Hajiya, sannu da yaƙi." Na wuce shi. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba don dariyar mutane ba, sai don a karo na farko tun rasuwarsa an ce in kira Alhaji, kuma na ɗan lokaci kaɗan bakina ya buɗe zai kira.

Razak ne ya roƙi Madam a sake ba ni dama, shi da aka daka. Aka yarda, da sharaɗi biyu: in daina taɓa musu fulawa, in kuma sake gwajin. Hawa ta ce sai na yi atisaye, ta ɗauko maƙwabciyata Maame Akosua mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta riƙa zuwa tana zagina kowace safiya. Ban taɓa ganin mace ta karɓi aiki da farin ciki irin haka ba. Ta zagi burodina, ta zagi tabarauna, ta gangaro kan akuyata da ta cinye mata ganyen masara tun Hawa na makaranta.

Na ce, "Akosua, akuya ba ta cikin burodi."

Ta ce, "Murmushi, Hajiya. Kamfani ya ce murmushi."

Ranar gwaji na biyu na karɓe wayar Hawa na ƙulle a bakin zani. Na lura sun kwashe dogayen burodi daga tebur, sun bar ƙanana masu laushi. Razak ya tsaya can nesa, inda hannu ba ya kaiwa, ya ce a hankali wai burodin ya ɗan yi tauri. Na buɗe haƙora na ce, "Yi haƙuri, ɗana, bari in canza maka." Aka yi tafi kamar na haddace littafi. Allon yana nan, da sunana a wurinsu. Isaka ya daina bi ta titinmu.

Har yanzu ina jin haushi, kada a ɗauka na huce. Ina jin haushin kamfanin da ya san ƙofar shagona bai san an yi mutuwa a gidana ba. Ina jin haushin burodin da yanzu yake fita salam, masu saye suna tambaya me ya faru, ni kuma ina yi musu murmushin haya. Ina jin haushin Hawa (ta ce ta ba ni haƙuri tuni, na ji, rubuta dai). Na fi jin haushin kaina.

Duk mai son ɗaukar sunan wasu ya rataya a ƙofarsa, ya sani ba sunan kaɗai ya ɗauka ba, har bakinsa da fuskarsa ya ba da. Zai buƙaci zuciya mai sanyi, da mutum ɗaya nasa na jini da zai zauna kusa da shi ba ya tashi. Ni dai yanzu in wani ya shigo shago yana ɗaga murya, kafin in yi komai sai in tambaye shi cikin ladabi: "Ɗana, wannan zagin na kamfani ne, ko naka ne na kanka?"