Injiniya Kashe-Kunna

Allah ya yi wa ofishinmu gata da ya ba mu Injiniya. Kwas na sati uku ya yi, amma takardar shaidar da ya rataya a bango ta fi tagar ɗakin faɗi. Filashi biyar na adana bayanan kwamfuta ne a wuyansa, suna kaɗawa in yana tafiya. Kowace cuta kwamfuta ta kamu da ita, maganinsa ɗaya ne: a kashe a kunna. Daga nan muka raɗa masa Kashe-Kunna, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Duk Litinin sai ya canza mana kalmar sirri, dole da babban baƙi da lamba da wata alama mai kama da ƙugiya. Ka manta, ya zo ya tsaya a kanka yana girgiza kai.

"Kwamfuta ba ta kuskure," in ji shi. "Ɗan Adam ne jahili. Mu da muka karanci fannin mun sani."

To, a garin makafi mai ido ɗaya ai sarki ne.

Ranar Alhamis Anti mai buga takardu ta zauna cike fom ɗin neman canjin wurin aiki. Mahaifiyarta na kwance a gida, ɓarin jiki ya shanye, shi ya sa Anti ke so a mayar da ita reshen da ke kusa da tsohuwar. Ƙarfe huɗu za a rufe shafin, sai kuma baɗi. Uku da rabi ta gama komai, hoto kawai ya rage ta ɗora. Kwamfutar ta ɗan yi nauyi. Tsautsayi ya sa Injiniya ya gifta.

"Anti, matsa. Wannan ba aikin 'yan koyo ba ne."

"Don Allah ƙanena, bar ta, tana tafiya a hankali."

"A hankali? A ofishin da nake?"

Ya ja kujera, ya naɗe hannun riga, ya ce ai sabuntawa take nema, ya danna. Allo ya yi shuɗi, ya ce a jira, kada a kashe. Kashi uku cikin ɗari. Anti na kallon agogo, shi yana yi mana lacca a kan haƙuri. Da abin ya kai kashi tara ya tsaya cik, sai haƙurin malamin ya ƙare, ya kashe ya kunna. Ta koma kashi ɗaya. Wallahi ni da nake gefe sai da na ji kamar in shaƙe shi da igiyar filashinsa.

Huɗu da minti goma allo ya dawo. Injiniya ya buɗe shafin, ya juyo yana washe baki.

"Kun ga gudu? Wannan shi ne aikin ƙwararru!"

Gaskiyarsa. Ba mu taɓa ganin ta buɗe shafi da sauri haka ba. Kafin ƙiftawar ido ta nuna an rufe karɓar takardu.

Anti ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗauki jakarta, ta shafa kan kwamfutar.

"Yafe mini, baiwar Allah," ta ce. "Shekara goma ina zaginki, ashe alhakinki nake ɗauka."