Rasuwar Madubin Hangen Nesa na Noelene Burrage

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwana masu kallon tsuntsayen teku a tsibirin Bruny cewa madubina na hangen nesa ya riga mu gidan gaskiya, bayan doguwar jinya.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha ruwan sama, ya sha gishirin teku, miya ta zube masa a kwandon abinci, bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa "ƙiii" in na murza shi da sanyin safiya.

Kun san baƙaƙen tsuntsayen nan iri biyu da ke dawo mana a ƙarshen Satumba, masu shafar ruwa da fiffike. Daga kan dutse duk ɗaya suke. Marigayin ne ke nuna mini mai guntun baki, ya nuna mini mai farin hammata in ya karkata. Albarkacinsa duk Asabar ake taɓa kafaɗata a ce, "Noelene, wanne ne wancan?" Tun rasuwar maigidana Clarrie, wannan tambayar ce hirata ta mako, ba na ɓoyewa.

Ciwon ya fara da hazo a idon dama, ya haye hagu. Mai gyara a birnin Hobart ya duba, ya ce gishiri ya ɗan taɓa shi amma da sauransa. Na ce ya yi mini shiru, shi ya raine shi? 'Yata ta aiko sabo daga birnin Melbourne, ɗan gayu mai sheƙi. Na hau dutse na ɗora shi a ido. Wayyo, hazon yana nan dai, daidai inda yake. Na mayar da sabon cikin kwalinsa. Tsohon nake zargi, kuma kada wanda ya zo mini da wani bayani a kan idanuna.

Marigayin ya bar igiyar wuya, murfi ɗaya, da tsohuwa ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe a kan dutsenmu. Ba a bukatar furanni. Merv maƙwabcina zai kawo shayi, ya bar wa kansa barkwancinsa. Wanda ya halarta, in tsuntsu ya gifta, don Allah ya tambaye ni wanne ne. Zan faɗi wani abu, kada ya gyara mini.