Ranar da Gadar da Na Yi Wa Walda Ta Jefa Ni Gulbi

Ko zan manta komai a sana'ar walda, ban da ranar da na kai wa Baba Manu gadarsa. Mai jirgin fito ne a gulbin Kwara, yana ƙetare da 'yan kasuwa daga ɓangarenmu na Bagudo. Ya sa ni in haɗa masa 'yar gadar ƙarfe da fasinja da babura za su riƙa bi su hau jirgi. (Kuma 'yarsa nake nema da aure, sai ku auna irin rawar kan da na yi.)

Ranar aikin janaretana yana tari, wuta ba ƙarfi, ƙarfen kuma duk tsatsa. Ban kankare ba. Na dai ja walda ta kwanta lafiya lau, na shafe ta da koren fenti.

Ranar kasuwa na kai gadar, aka ɗora ta daga gaɓa zuwa jirgi, bakin gulbi cike da jama'a. Baba Manu ya ƙwanƙwasa ta da sanda ya ce, "Yaro, ka gwada ta kuwa?"

"Baba, wannan ko raƙumi ya hau."

Don in burge shi, na taka har tsakiya cikin sabuwar shaddata, na yi tsalle. Sai ji na yi ƙas! Kafin in ce wani abu ina cikin ruwa, hulata ta kama hanyarta. (Ban iya iyo ba, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.) Da gorar tuƙi Baba Manu ya jawo ni, ina aman ruwa, mata na salati, masunta na riƙe ciki.

Da na duba inda ta karye, sai na gane laifina. Waldar a sama kawai ta zauna, ba ta narke ta shiga ƙarfen ba, cikinta duk ramuka kamar burodi. Ga wata mata mai goyo tsaye da buhun shinkafa, ita ce za ta fara hawa.

Baba Manu ya yafa mini rawaninsa, ya ce a hankali, "Gode wa Allah da kai ta kayar. Tafi ka sake ta."

Na gode masa, har yau ina godewa. Yanzu duk abin da na haɗa sai na kankare shi, ya sha guduma, na lafta masa buhunan yashi kafin ya ga fenti. In kuwa gwajin na tsalle ne, a kan tudu nake yi, da tsohuwar riga.