Ranar Da Baba Ilu Mai Jita Ya Sa Ni A Kasuwa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka ƙaddamar da faifan Baba Ilu Mai Jita ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Wudil ba su da niyyar taya ni. Gara in ba da labarin da bakina, tunda kowa ya riga ya ba da shi da nasa, har da waɗanda ba su je wurin ba.

Baba Ilu dattijo ne ɗan Darki. Da ƙuruciya ya gudu Kano ya shiga cikin makaɗan otal, masu kiɗan nan na Turawa mai ƙarar tsiya da ake kira rok. An ce a lokacin yana da suma kamar kwando, da wando fantalo, da jita mai aiki da lantarki. Ya yi zamaninsa ya zaga garuruwa, sannan ya dawo gida ya rataye jitar ya kama noman gero da wake. Ni a sahun masallacin Juma'a na san shi, mutum mai shiru, mai doguwar gaisuwa. Kwatsam sai labari ya bazu cewa tsoho ya sauko da jita, ya shiga situdiyo, ya yi faifai guda cur a kan yadda waƙa ta koma haja. Wai yanzu mawaƙi ba ya buɗe baki sai an biya, yau ya yabi wannan, gobe ya yabi abokin gabarsa da kalmomin da ya yabi na jiya, kuma sunan da za a ambata a farkon waƙa da farashinsa, na ƙarshe ma da nasa.

Ni kuwa mai sayar da turare ne da littattafan addini. Kiɗa ba ya cikin harkata. Abin da aka san ni da shi shi ne labari, in an idar da La'asar an baje tabarma a ƙofar shagona. Kuma na daɗe ina ƙorafi a kan mawaƙan zamani da masu biyansu (a gaskiya na fi tsananta wa masu biyan). Saboda haka da Baba Ilu ya zo shagona da kansa, muka gaisa, muka tambayi iyali da gona da damina, ya miƙo mini wani ɗan ƙaramin memori a naɗe cikin takarda, sai na ji kaina ya ƙara girma.

Ya ce, "Malam, ka saurara, in ka ga inda na kauce ka gyara mini. Kuma ranar ƙaddamarwa ina so ka yi wa jama'a jawabi. Kai suna jin maganarka."

Na ce, "Baba, ai wannan aikin lada ne."

Na jefa memorin a aljihun jamfa. Matsalar ita ce ban san inda ake zura shi ba, girma kuma ya hana ni tambaya. Na ce gobe. Gobe ta zo na ce jibi. Da Juma'a ta zagayo muka haɗu a harabar masallaci, ya riƙe hannuna.

"Malam, ka samu ka ji kuwa?"

"Na ji, Baba. Daga farko har ƙarshe." (Allah Ya yafe mini, ko takalmi ban gama sawa ba na faɗi wannan.)

"Wacce ta fi kama ka?"

"Ai Baba, kowacce da inda take taɓa mutum."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, ya ce madalla.

Daga ranar na zama mai fassara faifan a majalisa, don tun kafin a ƙaddamar waƙoƙin sun riga sun shiga wayoyin mutane. In wani ya faɗi abin da ya ji, sai in karɓe in faɗaɗa shi, in kawo misalai, in rufe da nasiha. Abokina Alhaji Sabo, dillalin shanu a Kara, ya ce mini waƙar Kara ɗin nan ta kusa kashe shi da dariya. Na ce ai ita ce uwar faifan duka. A raina na ɗauka tsoho ya yabi kasuwar shanunmu ta ran Juma'a ne, na ce to ai ta cancanta.

An yi taron ranar Asabar bayan La'asar a filin wata makarantar firamare, da rumfuna da kujerun roba da janareta yana tari a gefe. Na sha babbar riga mai sitaci, na rubuta jawabina da ajami (da boko hannuna ba ya sauri), aka zaunar da ni a sahun gaba kusa da Alhaji Sabo. Baba Ilu ya fito da hula da 'yar shara, jita a rataye, matasa uku a bayansa da ganguna. Da ya taɓa tsirkiyar farko sai da na ji ta a haƙorina. Waƙa biyu suka wuce ban kama kalma goma ba, amma na yi ta gyaɗa kai irin na wanda ya san abin da ke tafe.

Sai aka zo ta uku. Kiɗa ya lafa, ya yi sanyi, Baba Ilu ya sauya murya ta koma irin ta maroƙan biki, mai zaƙi, mai jan rai:

"Wa zai taso in faɗe shi,
In kai sunansa gabas da yamma?
Ɗan babban gida, ina kake?
Taso duniya ta san da kai."

Ba wanda ya motsa. Ya maimaita, yana bin sahun gaba da ido. Na dubi alhazan da ke gefena, kowa ya harɗe yana murmushi. Sai raina ya ɓaci. Dattijo ɗan ƙasarmu, ya tsufa da sana'arsa, yana kira a bainar jama'a, a rasa mutum ɗaya da zai tashi ya yi masa liƙi? Wannan wace irin rowa ce?

Wannan shi ne dalilin da nake gaya wa mutane. Akwai na biyu. Ni tun da aka haife ni ba a taɓa sa sunana a waƙa ba, ko a bikina walima kawai aka yi aka watse. Sai zuciya ta raɗa mini cewa mutumin da ya ƙi sayar da suna, in ya ambaci naka, ai ya fi na duk waɗanda suka saya daraja. (Ka ga yadda Shaiɗan yake da tsari. Bai zo mini da kwaɗayi tsirara ba, sai da ya sa masa rawani.)

Na yunƙura. Alhaji Sabo ya cafke gefen rigata.

"Malam, ina zuwa?"

"Zan fitar da mu kunya."

"Malam, don Allah zauna."

"Ku da kuka zauna me kuka tsinana?"

Na fizge rigata. Na taka a hankali, ina gyara hannun riga a kafaɗa kamar yadda na ga manya suna yi. Na zaro sababbin takardun kuɗin da na ware don cefane, na manna ɗaya a goshin Baba Ilu, gumi ya riƙe ta. Na ƙara ta biyu. A nan na lura filin ya yi tsit, ba ka jin komai sai janareta da jitar da ke tafiya a hankali. Na ɗauka girmamawa ce.

Baba Ilu ya kawar da bakinsa daga abin magana, yatsunsa ba su daina aiki ba, ya matso kusa da kunnena.

"Malam, ba ka saurara ba ko?"

Na dubi idonsa. Ba fushi a ciki, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Ban saurara ba, Baba."

"To tsaya nan. Yanzu za ka ji."

Ya ɗaga kai, ganguna suka fashe. Ashe waƙar Kara ke nan. Ashe kiran nan tarko ne, kowa a filin ya sani sai ni. A cikin waƙar, mawaƙi shi ne dillali, mai tasowa don a faɗe shi kuwa shi ne bijimi. A faifai bijimin na baki ne kawai, ba wanda ya gan shi. Ranar nan Allah Ya kawo musu na gaske, da babbar riga.

Baba Ilu ya fara zaga ni, wayar jita tana binsa a ƙasa:

"Ga bijimi ya shigo Kara,
Da ƙafarsa ya zo, ba a ja shi ba.
Ku dubi tozo, ku dubi ƙaho,
Bari in taya mu ji."

Tayin kuma ba da kuɗi ake yi ba, da yabo ake yi. Ya ce, "Na ce shi ne adali." Filin gaba ɗaya ya amsa da "Albarka," yadda mai dabba yake cewa in tayi bai kai ba. Ya ce, "Na ce ya fi kowa kyauta." Suka ce albarka. Ya ce ba a taɓa haihuwar kamarsa ba daga nan har Lajawa. Albarka. Kowane tayi ƙaryar tana ƙara ƙiba, ni kuma ina tsaye a tsakiya, hannuna ɗaya har yanzu riƙe da ragowar kuɗin cefane, na rasa aljihun da zan mayar da su.

Ka ce me ya hana ni komawa kujerata? Na tambayi ƙafafuna wannan tambayar, ba su ba ni amsa ba. Abin da na iya kawai shi ne yaƙe. Alhaji Sabo kuwa, da yake sana'a ba ta barin mutum, sai ya miƙe ya ɗaga murya ya ce, "Baba, a duba haƙori tukuna." Ba a sha wahala ba, duk suna waje.

A ƙarshe Baba Ilu ya ce, "Na ce kakansa ne ya haƙa kogin Wudil." Jama'a suka amsa baki ɗaya, "An sallama." Wayoyi kuwa duk a sama suke, kamar ana neman sabis.

Ban kai ga kujera ba mai gabatarwa ya kira ni jawabi, ya ce ga malamin da ya fi kowa fahimtar wannan faifai. Na buɗe takardata. Layin farko bayan bisimilla, da rubutuna mai kyau, yana magana ne a kan marasa tunanin da ke tashi a taro su sayi suna. Na ninke ta. Na yi salati, na ce, "Jama'a, abin da na zo faɗa kun riga kun gani." Na yi addu'a gajeriya, irin wadda ban taɓa yi ba, na zauna.

Allah Ya so ya ba ni mafita, na kusa samu. Da aka tashi wani malamin makaranta ya zo ya kama hannuna ya ce wallahi shirin ya yi kyau, bai san na iya wasan kwaikwayo haka ba. Na gyara murya na fara cewa, "Ai dama mun ɗan tattauna da Baba…" Sai Alhaji Sabo ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wane shiri? Ni na riƙe masa riga."

Kafin in isa gida hoton bidiyon ya riga ni. Matata Hajiya ta ajiye mini tuwo ta yi mini sannu da zuwa, ta koma gefe ta zauna. Ina kai loma ta uku sai ta ce:

"Malam, an sallama ne, ko sun ce a dawo da kai wata Juma'ar?"

Na ce ba na son wasa. Ta ce ita ma ba ta so, cefane take jira. Sannan ta gaya mini cewa tun ranar da ta zo wanke jamfata ta tsinci memorin, ta sa a rediyonta, kullum shi take ji in tana tankaɗe. Ta haddace waƙar Kara tsaf. "Da ka tambaye ni," in ji ta, "da na zura maka."

Kwanaki na yi ban baje tabarma ba. A cikinsu na zauna na saurari faifan daga farko har ƙarshe, wannan karon da gaske, kuma tsoho ya yi aiki, ba inda zan gyara masa. Ana nan sai ga shi a shagona. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni ina jan ta don kada a zo ga magana. Da ta ƙare na roƙe shi gafarar ƙaryar da na yi masa. Ya ce tun a masallaci ya gane, wanda ya ji waƙa ba ya cewa kowacce. Ya ajiye takardun kuɗin nan biyu a kan tebur, a goge, ya ce ba a yi ciniki ba. Sannan ya ce an gayyace shi wasa a Utai, ko zan samu zuwa, don waƙar ba ta taɓa yin daɗi kamar ranar ba.

Na ce Allah Ya ba da sa'a, ina da uzuri. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da na kalli hoton a wayar Hajiya, na kasa haɗiye shi.

"Baba, duk wannan abin da aka yi, ko sunana ba ka faɗa ba."

Ya ɗauki kwalbar turare ya sansana, ya mayar.

"Malam, shi ne ba na sayarwa ba. Sauran kuwa kyauta na ba ka."

Tun daga nan, in aka ba ni abu aka ce in yaba, sai na ji shi har ƙarshe, ko da sai na roƙi Hajiya ta zura mini. In kuma na je taro na ga alhazan Wudil duk sun zauna ana kiran mai kyauta, ba na ƙara zarginsu da rowa. Nakan gyara zama in tambayi na kusa da ni abin da suka sani.