Kwamitin Mutum Ɗaya da Shafukan Besbol

Wani ne a cikinmu, can Toledo. Ba zan kama sunansa ba, don har gobe tare muke cin abinci. Mu goma sha biyu ne, shekara sha tara muna gasar besbol ta fantasi. Kun san yadda abin yake: kowa ya zaɓi 'yan wasan gaske ya haɗa ƙungiyarsa a shafin intanet. In sun taɓuka a fili a ba ka maki, in sun yi shirme a zabtare maka. Wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki kofi, ya shekara yana ɗaga wa mutane hanci.

To a watan Fabrairu sai shafin da muka saba da shi ya aiko da saƙo, wai zai rufe. Muka taru a garejin Marv, ana cin burodi da tsiran alade. Wendell, shugaban gasar, ya ce dole wani ya gwada shafuka ukun da aka fi yayi, ya kawo mana wanda ya fi kafin ranar zaɓen 'yan wasa. Kowa ya sunkuyar da kai ya ci gaba da tauna. Gogan naku a lokacin ya zaga bayan gida. Kafin ya dawo an kaɗa ƙuri'a, sha ɗaya ba hamayya.

Ya shigo yana goge hannu a wando. "Lafiya kowa yake kallona?"

Marv ya ce, "Murna muke taya ka. Ka zama kwamiti."

"Ni da wa?"

"Kai da kanka."

Mutumin nan bai ɗauki abin da wasa ba. Ya sayi littafin rubutu, ya ja layi uku, ya ce wa matarsa Rhonda kada a dame shi, aikin jama'a yake yi.

Ya fara da shafi na farko. Kyauta ne, amma talla ko'ina: sama talla, ƙasa talla, gefe talla. Ya shiga zaɓen gwaji. Agogo na ƙirga daƙiƙa talatin, ga hotuna na ta wucewa. Ya ga wani ƙato yana murmushi, ƙirji kamar ƙofa, a ƙasa an rubuta "Mai ƙarfi, ba ya lotsawa, garanti shekara goma." Ya ce wannan nawa ne. Ya danna. Aka tambaye shi adireshi. Ya ce lallai shafin nan ya san aiki, har gidan mai ƙungiya suke son sani. Ya cike komai.

Bayan kwana uku babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Maza biyu suka sauke katifa.

Rhonda ta riƙe ƙugu. "Wannan fa?"

Ya zagaya katifar, ya duba takardar da ke jikinta, ya ga ƙaton nan kwance a kai yana murmushi. Ya ce, "Wannan... zaɓina na farko ne."

"A wane gurbi zai buga?"

"Bari dai in duba dokoki."

Ya buɗe littafinsa, a ƙarƙashin shafi na farko ya rubuta: "Suna kawo kaya da wuri."

Shafi na biyu ba talla, amma tambayoyi sun fi na asibiti. Ya rasa gane kansu, sai ya ga wani ɗan akwati a ƙasa: "Sannu, ni ce Tina, me zan taimaka maka da shi?" Bai san na'ura ba ce. Ya gyara zama, ya gaishe ta, ya tambaye ta ya sanyi a wajensu. Ya yi tambayarsa, ta ba shi amsar da ba ta da alaƙa da tambayar, sannan ta ce, "Shin wannan ya taimaka maka?" Ya ji nauyin ya ce a'a, ya ce ƙwarai. Daga nan hira ta ɓarke. Ya ba ta labarin ciwon gwiwarsa, da surukinsa da ya ari tsani tun bara, da yadda Marv yake raina shi. Duk abin da ya faɗa sai ta ce, "Na fahimta. Shin wannan ya taimaka maka?"

Rhonda ta leƙo ta bayansa ta karanta. "Kai, inji kake wa kuka?"

"Inji ko ba inji ba, sau arba'in ta tambaye ni ko na samu sauƙi. Ke sau nawa?"

"Shin in kwaɗa maka cokalin nan zai taimaka maka?"

Ya rufe kwamfutar. A littafi ya rubuta: "Ma'aikatansu suna da tarbiyya."

Na uku a waya yake, kuma komai ya faru sai ya sanar da kai. A gwajin da ya yi ya ɗauki wani ɗan wasa mai jifan ƙwallo, Ramiro. Ranar Lahadi ana cikin coci, Fasto ya ce duk mai marar lafiya ya faɗi sunansa a yi masa addu'a. Wuri ya yi tsit. Sai waya ta yi zirr a aljihun gogan. Ya leƙa a ɓoye: Ramiro ya ji rauni a kafaɗa wajen atisaye.

"Wayyo Ramiro!" Muryarsa har bangon baya.

Fasto ya sauke tabarau. "Ɗan'uwa, me ya same shi?"

"Kafaɗa ce, Fasto. Sun ce wata huɗu, ƙila ma ba zai sake ɗaga hannun ba."

"Allah sarki. Naka ne?"

"Nawa ne. Ko sati ban yi da ɗaukarsa ba."

Tsofaffin mata suka dafe ƙirji. Wata Misis Novak ta ce, "Kun ji bawan Allah, ya ɗauki maraya bai gaya wa kowa ba." Aka miƙe aka yi wa Ramiro addu'a mai tsawo. Rhonda tana ta taka masa ƙafa, shi kuwa ya rufe ido yana amin da gaske.

Kafin la'asar tiren taliya da cuku bakwai sun iso gida, da bargo saƙar hannu, da wata 'yar rigar sanyi. Misis Novak ta tsaya a ƙofa tana leƙen ciki. "Ina yaron? Shekararsa nawa?"

"Talatin da huɗu."

"To fa. Yana ina?"

"Arizona."

Rhonda ta karɓi tiren ta ce, "Mun gode, Mama. Wanda ke cikin gidan nan ya fi bukatar addu'ar."

Ranar zaɓe ta zo, Asabar da rana. Kowa ya iso garejin Marv da kwamfutarsa, an jera kujeru, an kunna wutar gashi. Wendell ya ce, "Kwamiti, muna jin ka. Wanne ka zaɓa?"

Ya miƙe ya buɗe littafi. "Na farko akwai cika alkawari. Na biyu akwai mutunci. Na uku akwai albarka. Na rasa wanda zan ɓata wa rai. Amma kada ku damu, na tura wa kowa gayyata, ku danna kawai."

Kowa ya danna. Ba wanda ya lura cewa gayyatar ba iri ɗaya ba ce. Huɗu sun faɗa shafi na farko, huɗu na biyu, uku na uku.

Akwai wani matashi mai dukan ƙwallo da kowa yake mafarkin samu a bana, Delgado. Minti biyu da farawa Marv ya daka tsalle. "Na samu Delgado! Ku tafi gida, an gama!"

Wendell ya ce, "Zauna, tsoho. Ga Delgado a wajena."

Lonnie, wanda ba ya magana sai dole, ya juyo da wayarsa a hankali. Delgado.

Gareji ya kaure. Marv yana rantsuwa shi ya riga. Wendell yana buga tebur yana kiran doka ta tara. Wani yana ihu wai agogonsa ya ƙare an zaɓa masa mai karyayyen ƙafa. Wani kuma ya ce shi tambayar adireshi ake masa, gogan ya ɗago kai ya ce, "Kada ka cike." Nama ya ƙone a kan wuta ba wanda ya kula.

Shi kaɗai ne a natse. Yana kusurwa, yana danne-danne yana murmushi.

Wendell ya taka har gabansa. "Kai kuma a wanne kake?"

"Ai da safen nan na gano wani na huɗu, ya fi su duka. Ba gardama, ba agogo. Wanda na nuna nawa ne. Duba, Delgado ma ga shi. Bana kofi ya zo gida."

Muka taru a kansa. Gaskiyarsa, duk wani tauraro da ka sani yana ƙungiyarsa. Wendell ya gyara tabarau ya gangara ƙasa.

"Kai kaɗai ne a gasar nan."

"Mu biyu ne. Ga ɗayan can."

"Wannan gurbi ne da shafin ya cike da kansa, don ba a gasa da mutum ɗaya. Ƙungiyar wofi ce, ba mai ita. Ko ɗan wasa ɗaya babu a ciki."

"To ka ga ma abin ya zo da sauƙi."

Lonnie ya miƙa yatsa ya nuna inda shafin ke hasashen ƙarshen kaka. Ƙungiyar wofi ta ɗaya. Gogan na biyu.

Marv ya karɓi kwamfutar ya buɗe dokokin da mutumin ya tsara da safen. Dariya ta hana shi magana, sai da ya zauna a kan tayar mota. "Ya cike duk inda ake rage maki, ya manta inda ake ƙarawa! Duk wanda ya fita fili asara yake jawo masa!"

Wendell ya dafa kafaɗar gogan. "Ka gane? Ƙungiyar wofi tana kan sifili har kaka ta ƙare. Kai kuwa, da taurarinka duka, kana ƙasa da sifili da maki dubu biyu."

Gogan ya ƙura wa allon ido. Leɓensa na motsi yana lissafi. Can sai fuskarsa ta washe, ya ja kwamfutar gabansa.

"Matsa min, Shugaba. Bari in kori nawa duka, ko kunnen doki mu yi!"