Rasuwar Mujallar da Ta Ƙwato Fadamar Malam Zarami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, Malam Zarami na Haɗeja yana sanar da jama'a rasuwar mujallarsa ta ɗaliban lauya. Ba ciwon ajali ne ya ɗauke ta ba. Badaru ne, ƙanin matarsa mai suyar kifi, ya yayyage ta ya naɗe wa mutane tarwaɗa. Marar tsoron Allah!

Marigayiyar ta shigo gidan ne daga hannun mai tsofaffin littattafai. Malam, wanda ya koya wa kansa boko da gemunsa, ya riƙe ta amana. A cikinta ne wata ɗaliba mai suna Nuriyya ta warware wanda ya cancanci ƙasar da kogi ya janye ya bari. Da maƙwabcinsa Shu'ibu ya maka shi a kotu kan fadama, lauyan Malam ya miƙa mujallar gaban alƙali. Alƙali ya gyara tabarau, ya karanta, ya sake karantawa, ya kwashi hujjar yarinyar sukutum ya zuba a hukunci. Ranar nan Malam ya taka rawa a bakin kotu, abin da ya sha dukan 'ya'yansa a kai.

Baiwar Allah ce marar surutu. In an buga ta a tebur ta ce "fat!", shi ke nan, musu ya mutu. Ambaliya ta shiga ɗaki, ta ƙyale ta. Gara ta zo, ta lasa, ta ji kunya ta koma. Sai ga Badaru da kaskonsa.

Ta rasu ta bar bango biyu, da shafi ɗaya jiƙe da mai da aka tsinto a tashar Kaugama, da fadama mai zaman takaba. Shu'ibu ya ɗaukaka ƙara, lauya na neman mujallar ruwa a jallo, ɗaliban da suka buga ta kuwa sun gama makaranta sun watse. Ragowar gawar ta bi motocin Kafin Hausa, yaji shafe a jikinta. Duk wanda ya ci kifi ranar kasuwa, don Allah ya duba inda ya yar da takarda.

Za a binne abin da ya saura gobe bayan la'asar a bakin fadama. Masu zuwa ta'aziyya kada kowa ya riƙo kifi.

Badaru ne zai haƙa ramin. Kuma Malam ya karɓe gefen da Badarun yake noman albasa a fadamar, ko fadamar ta tsira a kotu ko ba ta tsira ba.