Ranar da Na Yi Alƙalancin Softball

Wallahi ba wanda ya tilasta ni, ni na ɗaga hannu.

Na raka Zainab, 'yar yayata, atisayen softball, wasan jifa da bugun ƙwallo da sanda, na makarantarsu a unguwar Morrisania, nan ƙasar waje. A ranar ne koci za ta zaɓi mai jifa a wasan Asabar, kuma Zainab ta ci buri. Sai alƙalin wasa bai zo ba. Koci ta ce wa ya san doka? Ni da na hura usur a ƙwallon unguwa a Kano, kuma ina kallon baseball, ɗan'uwan softball, a talabijin wajen aski, me ya rage?

Zainab ta wulwula hannu kamar fanka, ta saki ƙwallo ta ƙasa. Na daka tsawa: "Illegal pitch!", wato jifan ya saɓa doka. Ta sake, na sake. Ai gaskiya ba ta da dangi.

Na taka har tsakiyar fili, na nuna mata yadda ake jifa ta sama, kamar mai jifan mangwaro. Idonta ya ciko.

"Kawu, please, ka tafi."

Koci ta ja ni gefe, a hankali ta ce a softball ta ƙasa ake jifa. Wanda na koyar ɗin shi ne haramtaccen.

Zainab dai ta samu gurbinta, bayan an zaunar da ni kusa da jakunkuna.

Har yau in na ce a miƙo min rimot, sai Yaya ta ce, "Ta sama ko ta ƙasa, ranka ya daɗe?"